An Ce Gwaji Bai Nuna Komai Ba, Amma Jikina Bai Daina Ciwo Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni mace ce mai shekara 41. Wata goma ke nan ina jinyar mahaifina da ya samu shanyewar ɓarin jiki, ga aiki, ga yara. Kusan wata shida ciwon kai ba ya barina, gabana yana yawan faɗuwa, cikina yana kumbura, barci kuwa sai dai ya sace ni. Mantuwa ta yi min yawa har ina tsoron ko taɓuwa zan yi. An gwada jinina, an duba zuciyata, an ce komai lafiya, likita ya ce damuwa ce. Da gaske tunani kawai yana sa ciwon jiki, ko dai bai gano abin da ke damuna ba ne? Kuma gaskiya ne damuwa tana jawo hawan jini da olsa da kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da jinya. Allah Ya tashi kafaɗun Baba, ke kuma Ya ba ki lada.

Na lura da yadda kika ce "tunani kawai". A nan gizo ke saƙar. Idan likita ya duba takardun gwaji ya ce wa mutum "damuwa ce", abin da kunne yakan ji shi ne "lafiyarki ƙalau, ke kike sa wa kanki". Mu ma likitoci muna da namu laifin, don sau da yawa mukan faɗi kalmar ne muna rufe fayil, ba mu tsaya mun yi bayanin yadda abin da ke cikin rai yake sauka a jiki ba. Ciwon kanki na gaske ne, kumburin cikin ma haka, kuma hanyar da suka biyo sananniya ce, har ana iya auna ta.

Bakinmu ma ya riga likitanci faɗin haka. Wanda ya ji mugun labari cewa yake gabansa ya faɗi. Wanda aka ritsa, cikinsa ne ya ɗuri ruwa, ko hantar cikinsa ta kaɗa. Wanda aka yi wa rasuwa, jikinsa ne ya mutu. Duk zancen tsoro da baƙin ciki ake yi, amma ba a ambaci komai ba sai sassan jiki.

Ga abin da yake faruwa. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da ake kira amigdala, ɗaya a dama ɗaya a hagu, aikinsa gadi. Da ya hangi haɗari sai ya buga ƙararrawa, tun ɓangaren tunani bai gama tantance ko mene ne ba. Shi ya sa kike daka tsalle idan kin ga igiya a duhu, sai daga baya ki gane ba maciji ba ne. Ƙararrawar tana bin hanya biyu. Ta farko ta jijiyoyi ce, cikin daƙiƙu take isa ga wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda kamar hula, su watsa sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama, jini ya janye daga fata da hanji ya nufi manyan tsokoki, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe. Walter Cannon na jami'ar Harvard a Amurka ne ya bayyana wannan a 1915, ya ce jiki ne yake shirin ɗayan biyu, ko faɗa ko gudu. Hanya ta biyu ta fi nawa. Saƙo ne da ake miƙawa ta cikin jini daga ƙasan ƙwaƙwalwa har zuwa waɗancan ƙullutan dai, su saki wani sinadarin mai suna kotisol. Shi kotisol kamar ma'aji ne a lokacin yaƙi. Yakan sa hanta ta zuba suga a jini, ya ce duk aikin da zai iya jira ya dakata, irin su narkar da abinci, gyaran jiki da harkar haihuwa.

Shiri ne mai kyau, ba cuta ba ce. Idan mahaukacin kare ya biyo ki, da shi za ki tsira. Kina shiga gida ki rufe ƙofa, jiki ya taka birki, zuciya ta sauko, hanji ya koma bakin aiki, kotisol da kansa ya koma ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ya isa haka. An yi shi ne don haɗarin da ke da farko da ƙarshe. Sai dai mai gadin nan ba ya bambance kare da tunanin da ke taso miki ƙarfe biyun dare, na ko Baba ya faɗo daga gado, na kuɗin magani, na aikin da kika bari. Duk ƙararrawa ɗaya yake bugawa. Naki karen wata goma ke nan yana bin ki, kuma ba ya tsayawa a bakin ƙofa.

Wanda ya fara nuna abin da hakan ke yi wa jiki shi ne Hans Selye, a jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada, cikin 1936. Ya wahalar da ɓeraye ta hanyoyi dabam-dabam, wasu da sanyi, wasu da rauni, wasu da gudun dole, wasu da allurai. Wahalar ba iri ɗaya ba, amma da aka buɗe cikinsu abu uku aka tarar a kowanne: ƙullutan kan ƙoda sun yi girma, sassan garkuwar jiki sun motse, tumbi ya yi gyambo. Ni nakan kwatanta wa marasa lafiyata da motar da aka ajiye wuri ɗaya, aka danne mata totur aka tafi. Ba ta je ko'ina ba, ba ta yi karo da komai ba, amma mai yana ƙonewa, inji yana zafi. Ranar farko bakanike ba zai ga komai ba. Yau da gobe kuwa ba ta bar komai ba.

Wannan misalin shi ne amsar dalilin da gwajinki ya fito lafiya. Yawancin gwaje-gwajenmu ɓarna suke nema, wato tsokar da ta mutu, jijiyar da ta toshe, ƙarin da ya tsiro, ƙwayar cutar da ta shiga. Ba sa nuna cewa gaɓa lafiyayya tana aiki fiye da ƙima. Tsokokin wuya da kafaɗa da muƙamuƙi da suka wuni a ɗaure ba sa fitowa a gwajin jini, amma suna tafiya tare da irin ciwon kan da mutum yake ji kamar an ɗaure masa kai da igiya, wanda ke ƙaruwa da yamma. Zuciyar da adirenalin ke zaburarwa lafiyarta ƙalau a hoto, amma mai ita yana jin dukanta har a maƙogwaro. Hanji kuma yana da nasa tarin jijiyoyin, miliyoyinsu, da ke magana da ƙwaƙwalwa dare da rana. Idan ƙararrawa ta daɗe tana kaɗawa, tafiyarsa takan rikice, yau gudawa gobe taurin bayan gida, kuma jinsa yakan ƙaru, iskar da wani ba zai ma lura da ita ba ke ta zame miki ciwo. Barci ma haka. A ƙa'ida kotisol yana kai ƙololuwa da safe jim kaɗan bayan farkawa, ya yi ƙasa sosai wajen tsakar dare. Wanda ransa bai kwanta ba, jikinsa yana nan a faɗake a lokacin da ya kamata ya saki, sai ya kwanta a gajiye amma ido biyu. Wasu matan al'adarsu ce take rikicewa, wasu gashi ne yake zuba wata biyu zuwa uku bayan tashin hankalin, maza kuma sukan zo da kukan raunin kusantar iyali.

Akwai bincike guda da ya shafe ki kai tsaye. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta a jihar Ohio ta Amurka sun ɗauki mata 13 masu jinyar 'yan uwansu da ke fama da cutar mantuwa ta tsufa, da wasu mata 13 sa'anninsu waɗanda ba sa jinyar kowa. Aka yi wa kowacce ɗan rauni iri ɗaya a hannu, aka zuba ido. Na marasa jinya ya warke cikin kwana 39 a matsakaici, na masu jinya sai da ya kai kusan kwana 49. Fata ba ta san kunya ba, ba ta iya yin ciwon ƙarya don a tausaya mata. Kafin nan, a 1991, Sheldon Cohen ya wallafa sakamakon wani gwajin da aka yi a Ingila, inda aka ɗiga wa mutum 394 masu lafiya ƙwayoyin cutar mura a hanci bayan an auna yawan damuwar kowa. Cikin masu ƙarancin damuwa kashi 27 cikin 100 ne mura ta kama, cikin masu yawanta kashi 47. Abin da ake gani shi ne, idan kotisol ya daɗe yana yawo, ƙwayoyin garkuwar jiki sukan daina jin maganarsa, kamar yaron da aka cika yi wa tsawa. Kotisol kuwa yana cikin masu kashe kumburi a jiki, don haka kumburin sai ya samu sake.

Yanzu ga cututtuka ukun da kika lissafa. Amsarsu ba ɗaya ba ce, kuma ba na son in haɗa miki su a kwando guda.

Zuciya da jini su ne inda hujja ta fi ƙarfi. Babu musu tashin hankali yana ɗaga awon jini nan take, ko ganin likita ma yana ɗaga na wasu. Hawan jini mai zama kuwa ba abu ɗaya ke kawo shi ba. Akwai gado, shekaru, ƙiba, yawan gishiri, ciwon ƙoda, rashin motsa jiki, sannan doguwar damuwa ta zo ta ƙara nata, wani ɓangare kai tsaye, wani ta hanyar hana barci da sauya yadda mutum ke ci da sha. A wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 52 aka fitar a 2004, waɗanda suka ce kullum cikin matsi suke a gida ko wurin aiki sun ninka sauran wajen sau biyu a haɗarin toshewar jijiyar zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 ne suka mutu da ciwon zuciya da shanyewar jiki masu nasaba da aikin awa 55 ko fiye a mako. Ki lissafa naki awannin, ki haɗa da na jinya.

Firgici na farat ɗaya ma yana da nasa aikin. Ranar 17 ga Janairun 1994 girgizar ƙasa ta afka wa yankin Los Angeles na Amurka da asuba. A makon da ya gabata masu mutuwar fuju'a ta zuciya a yankin ba su kai biyar a rana ba, a ranar kuwa 24 aka ƙirga. A gasar cin kofin duniya ta 2006, likitocin birnin Munich na Jamus sun ga masu zuwa da larurar zuciya ta gaggawa sun ninka fiye da sau biyu da rabi a ranakun da Jamus ke wasa. Akasarin irin waɗannan dama akwai ciwon a kwance, firgicin tayar da shi ya yi. Akwai kuma wani ciwon da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, suka sa masa suna takotsubo, sunan wani tulu mai ƙaramin wuya da masuntansu ke kama wata halittar teku mai hannuwa takwas da shi, saboda siffar da zuciya ke komawa ke nan. Mutum ya samu labarin rasuwa, ƙirji ya riƙe, a kai shi asibiti kamar jijiyar zuciya ta toshe, a duba a tarar jijiyoyin a buɗe suke, tsokar ce ta sume. Kusan tara cikin goma na masu shi mata ne, yawanci waɗanda al'ada ta ɗauke musu, kuma galibi zuciyar takan farfaɗo cikin 'yan makonni.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, mahaifinki ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma babban mai jawo ta hawan jini ne. Ke nan ke ma sai an riƙa sa ido a kan naki. Hawan jini yawanci ba ya ciwo, kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Kada ki auna shi da ciwon kai. Ki auna shi da na'ura, a zaune, bayan hutun minti biyar, a ranaku dabam-dabam. Idan yana yawan kai 140 bisa 90 ko ya wuce, magana ta koma ta likita, ba ta "in na huta zai sauka" ba.

Olsa labarinta dabam ne, kuma darasi ne gare mu. Shekaru da dama likitoci suna gaya wa mutane cewa damuwa ce ke huda musu tumbi. Sai a farkon shekarun 1980 wasu likitoci biyu a Perth ta Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori ke zaune a tumbin masu gyambon. Ba a yarda da su ba, har Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, tumbinsa ya kumbura cikin kwanaki. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. A yau manyan masu jawo gyambon ciki biyu ne, wannan ƙwayar da magungunan kashe zafi irin su ibuprofen, diclofenac da asfirin. Damuwa tana iya tsananta shi, amma ba ita ake fara nema ba. Na tsaya a nan ne saboda na san abin da mai ciwon kai na wata shida yake yi: yana shan waɗannan magungunan kusan kullum. Ta nan damuwa ke shiga tumbi ta bayan gida. Ƙari a kan haka, shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana mayar da ciwon kan na kullum. An gudu ba a tsira ba.

Kansa kuwa, ki kwantar da hankalinki. Da aka haɗa bayanan ma'aikata sama da 116,000 a ƙasashen Turai a 2013, ba a ga matsin aiki yana ƙara haɗarin kansar huhu ko ta hanji ko ta mama ba. Inda take shigowa shi ne idan ta tura mutum ga taba ko giya, ko ta sa ya yi watsi da zuwa asibiti.

Wata tambayar da ba ki yi ba, amma na san tana ranki: me ya sa ni, alhali wasu suna ɗauke da abin da ya fi nawa suna harkokinsu? Nauyin kaya ba shi kaɗai ke karya mutum ba. Jay Weiss ya gwada wannan da ɓeraye a farkon shekarun 1970. Ɓera biyu suna shan jan lantarki iri ɗaya a lokaci ɗaya, amma ɗaya yana da abin da zai taɓa ya tsayar da shi, ɗayan ba shi da ta cewa. Wanda ba shi da ta cewa ya fi samun gyambon ciki nesa ba kusa ba. Wanda ake yi wa ƙarar gargaɗi kafin jan ya zo shi ma ya fi samun sauƙi, don ya san lokacin da zai saki jiki. A mutane ma an ga haka. Binciken Whitehall, wanda aka fara a 1967 a kan ma'aikatan gwamnati maza wajen 18,000 a Landan, ya tarar da cewa na ƙasan tsani sun ninka manyan shugabanni kusan sau uku a yawan mutuwa, kuma taba da ƙiba da hawan jini ba su isa su bayyana ko rabin tazarar ba. Zagaye na biyu da Michael Marmot ya jagoranta daga 1985 ya nuna cewa rashin ikon yanke shawara a kan aikinka yana tafiya da ciwon zuciya. Da ana zaton mai babban ofis ne damuwa ke ci, ashe wanda ake aika ne.

To duba naki halin. Ba ki san ranar da jinyar za ta ƙare ba. Ba ki san daren da za a tashe ki ba. Ba ki da ikon warkar da shi. Kuma daga yadda kika rubuta, ban ji kin ambaci wani da ke karɓar ki ba. Duk abin da ke mayar da damuwa guba ya haɗu a wuri ɗaya. Ba raunin imani ba ne, ba kuma gazawa ba ce. Gado da irin ƙuruciyar da mutum ya yi su ma suna sa ƙararrawar wani ta fi ta wani saurin tashi, kuma babu wanda ya zaɓi tasa.

Batun mantuwa da tsoron taɓuwa. Ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, mai tsara abubuwa da riƙe "me na shigo ɗauka", shi ne na farko da ke rauni idan adirenalin da kotisol sun yi yawa, ga kuma rashin barci, alhali cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka wuni da shi. Yawancin abin da kike cewa kin manta, tun farko bai shiga ba, don hankalinki yana ɗakin Baba. Irin wannan mantuwar tana warwarewa idan nauyi ya ragu. Taɓin hankalin da kike tsoro kuwa, na jin muryoyi ko ganin abin da babu, wani ciwo ne dabam, kuma babu alamarsa ko ɗaya a cikin abin da kika rubuta.

Amma akwai abin da ya kamata a duba. Kalmar damuwa a bakinmu tana ɗauke da kaya biyu: matsin da kowa ke shiga, da kuma ciwon damuwa, wanda cuta ce mai suna da magani. Na farko yakan zama ƙofar na biyu. Idan kin kai mako biyu kusan kullum ranki a jagule, abin da kike jin daɗinsa a da ya fita daga ranki, cin abinci ya sauya, kina ganin kanki ba ki da amfani ko kina ɗora wa kanki laifin komai, to an tsallaka. Haka idan zulumi ya zame miki abokin zama na watanni, kin kasa tsayar da shi ko da babu dalili. Wasu kuma firgici ne ke taso musu bagatatan, ƙirji ya riƙe, numfashi ya yi wuya, yatsu da leɓe su yi tsiki, mutum ya tabbata mutuwa ce ta zo, cikin 'yan mintuna firgicin ya kai ƙololuwa ya fara sauka. Tsikin nan daga saurin numfashi yake, wanda ke fitar da iskar kabon fiye da ƙima. Ba ke kaɗai ba ce. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019, mutum miliyan 280 ne ke da ciwon damuwa, miliyan 301 ke da ciwon fargaba. Idan kuwa tunanin gara mutuwa ko na cutar da kanki ya taɓa gifta miki, kada ki kwana da shi. Ki faɗa wa wanda kika yarda da shi a ranar, ku tafi asibiti tare.

Zan kuma yi wa likitan naki adalci, in yi miki. Mai yiwuwa ne ƙwarai ya yi daidai. Sai dai labarin olsa ya koya mana kada mu mayar da damuwa juji, duk abin da muka rasa gane kansa mu zuba a can. Ƙullutun maƙogwaro da ake kira tayirod idan yana aiki fiye da ƙima yana kawo faɗuwar gaba, rama, zufa da rashin barci. Ƙarancin jini yana kawo kasala, jiri da dukan ƙirji, musamman ga mace mai zubar da jini da yawa a al'ada. Ciwon suga da sauyin da ke zuwa gabanin ɗaukewar al'ada su ma suna shigar burtu. "An gwada jinina" bai gaya min ko an duba waɗannan ba, ki tambaya. Akwai kuma alamun da ba a jira da su ko an taɓa ce miki damuwa ce: ciwon ƙirji mai danna da ke zuwa da zufa ko ya gangara hannu ko muƙamuƙi, suma, karkacewar baki ko mutuwar hannu ko sarƙewar magana, ciwon kai mai tsanani da ya faɗo lokaci guda, aman jini ko baƙin bayan gida, da ramar da ba ki san dalilinta ba.

Me za ki yi? Ba zan ce miki ki daina tunani ba, wannan shawara ce da ba ta taɓa yi wa kowa aiki ba. Abu mafi amfani a halinki ba a kantin magani yake ba: a raba jinyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki tara 'yan uwa, kada ki ce "a riƙa taimakawa", don wannan kowa zai ce to ya watse. Ki ce wane dare biyu a mako nasa ne, wance kai shi asibiti nata ne, wanda yake nesa ya ɗauki nauyin mai kula ko na magani. Daren da kika san tabbas ba ke za a tasa ba ya fi miki darare uku na barcin rabi da rabi, saboda dalilin da ɓerayen Weiss suka nuna. Ki samu kuma mutum ko ɗaya da za ki iya gaya wa "na gaji" ba tare da ya yi miki wa'azi ba. Da aka tattara bincike 148 a 2010, masu ƙaƙƙarfar alaƙa da mutane sun fi marasa ita damar tsawon rai da wajen kashi 50 cikin 100.

Sauran ƙanana ne amma suna aiki. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, tana ƙone shirin gudun da jiki ya yi bai samu inda zai kai shi ba. Numfashi a hankali, wajen sau shida a minti, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, hanya ce ta taka birkin nan da gangan, domin zuciya tana rage gudu ne a lokacin fitar da iska. Minti biyar safe da dare ya isa a fara. Kofi da shayi da lemukan ƙara kuzari ki tsayar da su daga azahar, don rabin sinadarin kafin da ke cikinsu yana nan a jini bayan awa biyar. Addu'a da ibadar da aka yi a natse suna kwantar da jiki, kuma ba sa karo da zuwa asibiti.

Ki yi hattara da maganin barci irin su diazepam. Yana aiki daren farko kamar sihiri, amma bayan 'yan makonni jiki yakan saba, a rasa yadda za a rabu. Tramadol da kodin ma kada ki kusance su da sunan samun sauƙi. Idan aka tabbatar ciwon damuwa ne ko na fargaba, akwai zama da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam, wanda ke koya wa mutum kama tunanin da ke hura wutar da sauya shi, kuma amfaninsa tabbatacce ne, har ga rashin barci. Akwai kuma magunguna na musamman. Sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji aikinsu, ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, kuma ba a yanke su rana ɗaya.

Kafin ki koma wurin likitan, ki yi mako biyu kina rubuta abu huɗu a 'yar takarda: awa nawa kika yi barci, yaushe kan ya yi ciwo, wane magani kika sha, da awon jininki. Ki zuba duk kwalayen magungunan da kike sha a jaka ki tafi da su, har waɗanda kika saya da kanki. Idan kin zauna, ki fara da gaya masa cewa wata goma ke nan kina jinyar mahaifinki, don ina kyautata zaton a zuwan farko ciwon kai da ciki kawai kika faɗa masa.